Akwai Baƙo a Ƙofarki

Asabar, 18 ga Zulhajji, bayan La'asar

Yau ma Kawu Usaini ya je dam ɗin Watari ya dawo hannu rabbana. Ya shigo gidanmu da sallamar da ko kaza ba ta ji ba, ya tsuguna kusa da Umma, ƙanwarsa, ya ce masunta sun ce sun yi iyakar yinsu. Umma ta ce Allah ya sa mu dace. Ni kuwa na ɗauki tsintsiya na share tsakar gidan da na riga na share.

Ba zan rubuta abin da ya faru kashegarin yawon Sallah ba. Su huɗu suka shiga kwalekwale, uku suka dawo gida. Iyakar abin da hannuna zai iya ke nan.

Takalman Uwaisu, ɗan Kawu, suna nan a zaurensu, wani ya jera su kamar mai su ya shiga alwala. Duk wanda ya zo jaje sai ya kauce musu. Da mata suka gan ni jiya sai wata ta ce, “Allah sarki Rauda, abokin wasanta.” Da a ce da can ne da na ba ta amsar da za ta kwana tana juyawa. Tun muna tatata yake kirana Baiwa, wai shi ɗan namiji ne ni 'yar mace, don haka gadona ya yi kamar yadda ake gadon jaki. Ni kuma in ce ubangidan da ba shi da ko akuya ai abin tausayi ne. A haka muka girma, ba mu taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba.

Lahadi, 19 ga Zulhajji, da hantsi

Ban je makarantar Islamiyya ba. Na aika a ce wa ɗalibaina kaina ke ciwo, kuma ba ƙarya na yi ba.

Litinin, 20 ga Zulhajji, bayan Azahar

Na kai wayata caji shagon Sama'ilu, aminin Uwaisu. Ya karɓa bai saka ta ba, ya tsaya yana kallona kamar wanda ya haɗiyi ƙashi.

Ya ce, “Malama Rauda, kin shiga Tsibiri kwanan nan?”

Na ce, “Wasa ne a gabana yanzu, Sama'ilu?”

Sai ya miƙo mini tasa wayar. Jerin gwanayen yankinmu ne, kuma can wajen sama ga sunan nan, UbangidanRauda, da ɗigon kore a gefensa. Kore na nufin mutum yana ciki a daidai lokacin, yana riƙe da waya, yatsunsa suna motsi. Na dafa bencin shagon na zauna.

Uwaisu ne ya koya mini wasan nan shekarar da na gama kwaleji na dawo gida zaman jiran aiki. Sunansa na Turanci dogo ne, mu Tsibiri muke ce masa, saboda a tsibiri ake zubar da mutane, huɗu-huɗu, a yi ta fafatawa har a bar ƙungiya ɗaya. Matakan hawa ma shi ya raɗa musu suna: gidan kaji a ƙasa, sai gidan awaki, gidan shanu, sai gidan raƙuma can sama. Tare muka fara daga kaji. Da ya sa wa kansa wancan sunan na rashin kunya, ni ma na sa BaBaiwarKowaBa, ya yi dariya har ya faɗo daga kan buhun taki.

Shi yana da gonar albasa a bakin dam, in ya sayar yakan ɗan tsakura ya sayi kayan yaƙin wasan. Ni ban taɓa saka ko sisi ba. Ya yi ta hawa, ni ina awaki. Da ya kai raƙuma sai wasan ya ce tazararmu ta yi yawa, ba za mu ƙara shiga fili tare ba. Haka nan kawai, kamar hakimi ya raba iyaka. Mukan zauna a gindin mangwaro ɗaya, gwiwa kusa da gwiwa, shi yana can da wasu baƙi, ni ina nan da wasu baƙi.

Ana jibi Sallah kuma na duba na ga ya goge ni daga abokansa. Wannan maganar zan bar ta tukuna.

Na ce wa Sama'ilu, “Wayarsa ai tana aljihunsa ranar.” Ya ce shi ma abin da ya hana shi barci ke nan. Na roƙe shi kada ya gaya wa kowa.

Talata, 21 ga Zulhajji, bayan La'asar

Roƙon banza. Shagon caji ya fi gidan biki yawan kunne.

Inna Tahira, mahaifiyar Uwaisu, ta zo gidanmu da mayafi a karkace. Matar da ba ta fita ko ƙofar gida tun ranar. Ba ta tsaya gaisawa da Umma ba, ɗakina ta faɗo.

Ta ce, “Raudatu, an ce kin ga ɗana a waya.”

Na ce, “Inna, suna ne kawai na gani.”

“Da fitila a kunne, ko ba haka ba? An ce in mutum ba shi da rai fitilar ba ta kamawa.”

Na ɗauko wayata. Na buɗe na nuna mata, kuma Allah ya sa a lokacin ma kore ne. Ta sa yatsa ta shafa ɗigon a hankali, yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi. Ta ce wataƙila ya fita ta wancan ƙetaren, kunya ce ta hana shi dawowa tunda shi ya ja abokansa shiga ruwan. Ta ce dama tun yana yaro in ya yi ɓarna a rumbu yake ɓuya.

Kawu yana so a tara malamai a yi addu'a a raba sadaka, a rufe maganar. Inna ta ce ba a gidanta ba, ba a yi wa mai rai sadakar mamaci. Ta kama hannuna ta ce, “Ke kika san hanyar wurin nan. Ki je ki ce masa ba wanda zai yi masa faɗa.”

Na ce to. Abin da ya fi damuna shi ne ba don ita kaɗai na ce to ɗin ba.

Alhamis, 23 ga Zulhajji, da hantsi

Mai sunan nan ya rufe ƙofar saƙo a wasan, ya rufe ta neman abota. Sama'ilu ya gwada, na gwada, ba hanya. Abu ɗaya ya rage: wasan ya jefa mu fili ɗaya a ƙungiya ɗaya, in yi masa magana da bakina ya amsa da nasa. Kuma wasan ba ya haɗa akuya da raƙumi. Sai na hau.

To na fara. Sabis a garin nan sai a bayan ɗakin girki, kusa da turken akuyata, nan nake shimfiɗa buhu in zauna. Kowa ya tafi noman gero, ni ina nan ina harbin mutanen da ban sani ba.

Wanda ya tsara yadda ake haɗa mutane a wasan nan, Allah ya isa ban ce ba, amma bakina yana ƙaiƙayi. In na ci sau biyu a jere, sai ya kawo mini abokan da ba su san gabas ba, ɗaya yana gudu yana karo da bango, ɗaya ya ajiye waya ya tafi cin abinci. A gabanmu kuma ya ajiye ƙattai masu sulken zinare da bindigar da ke gani ta bayan dutse. Suna gamawa da ni sai hoton bindigar nan ya cika mini fuska, wai ga wadda ta kashe ki, an rage mata farashi yau kaɗai. Kullum yau kaɗai. Mahauci ma in ya yanka akuya ba ya tallata wa 'yar'uwarta wuƙar.

Ga sabis ɗinmu mai tafiyar hawainiya. Kafin harsashina ya bar Tsanyawa, mutumin ya kashe ni ya kwashe kayana ya yi gaba. Da Uwaisu yana kusa cewa zai yi, “Baiwa, ba sabis ba ne, hannu ne babu.”

Yana kusa. Na rubuta “da yana kusa”, ban rubuta wani abu ba.

Juma'a, 24 ga Zulhajji, bayan an sauko masallaci

Na hau kaɗan, na zame ƙasa da inda na fara. Ɗigonsa kore ne yanzu haka.

Lahadi, 26 ga Zulhajji, bayan Azahar

Umma ta sauko da naman layyar da ta soya ta adana don cika-ciki, tana duba ko ya yi fumfuna. A ciki har da cinyar da Uwaisu ya kawo mana ranar Sallah. Sai na tashi na bar mata wurin.

Bari dai in rubuta, ko zai bar ƙirjina. Ranar Sallah ya shigo da kwanon naman nan, da sabuwar shadda ruwan toka, hula a gaban goshi. Ya gaida Umma, ya leƙo inda nake. Ni kuwa na cika na batse, mutum ya goge ni daga abokansa don ya zama raƙumi, sannan ya zo yana yi mini murmushi. Na ɗaure fuska tamau.

Ya ce, “Baiwa, ba barka da Sallah?”

Na ce, “Manya ai ba sa gaisawa da awaki.”

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta gefen baki. Ya ce, “Akwai baƙo a ƙofarki, ya kwana biyu yana sallama. Ki buɗe masa mana.”

Na san inda ya dosa. Wani malamin firamare ne daga Bagwai yake ta aiko da gaisuwa, Uwaisu kuma ya mai da shi abin tsokanata. Na ce, “Baƙon ya shekara a tsaye, ba ruwanka.” Ya ce shi ke nan, ranar cika-ciki in na zo karɓar kuɗin shara ma yi maganar. Ya fita yana kaɗa makullin babur.

Kuɗin sharar nan bai taɓa tsallake shekara ba. Ina zuwa in ja tsintsiya sau ɗaya a ƙofar ɗakinsa, in miƙa hannu, ya yi ta ja mini rai yana cewa sharar ba ta fita ba, a ƙarshe ya biya. Saura mako biyu ba kwana ɗaya.

Talata, 28 ga Zulhajji, bayan La'asar

Baba ya kira ni zaure bayan ɗalibansa sun tashi. Bai ɗaga murya ba, shi dama ba ya yi. Ya ce ya ji labarin akwatunan da ake saya a wasan, ka biya ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe.

Ya ce, “Raudatu, ke malama ce. Mene ne sunan wannan a littafi?”

Na ce, “Caca, Baba.”

Ya ce, “To.” Can kuma ya ƙara da cewa, “Ruwa ba ya riƙe amana don mugunta, umarni yake bi. Ki bar matar nan ta yi kukanta.”

Na fito. Gaskiya ya faɗa, kuma na ji haushinsa kamar ya mare ni.

Wani abu da ban gaya wa kowa ba: jiya ana kiran Magariba ɗigon yana kore, har aka idar yana kore. Uwaisu ko ana saura mutum ɗaya a fili, in ya ji ladan ajiye waya yake yi, an sha zaginsa a kan haka. Amma mutum in yana ɓoye a baƙon wuri ai halinsa yakan canza. Ko ba haka ba?

Alhamis, 1 ga Muharram, da hantsi

Sabuwar shekara. Inna Tahira ta aiko mini da fura, da saƙon wai ina aka kwana.

Na sayar da akuyata. Dillali ya zo ya ja ta tana waiwayen turke, na shige ɗaki. Na ce wa Umma magani zan saya, ta dube ni ta ci gaba da tankaɗe. Na hau mota zuwa Tsanyawa, mai POS ya zuba mini kuɗin a waya, ya tambaye ni ko kuɗin makaranta zan biya. Na ce masa eh.

Akwatunan ban taɓa su ba, wannan dai na tsare wa Baba. Sulken na saya da bindigar nan mai gani ta bayan dutse. Yanzu in na zauna a bayan ɗakin girki, ni da igiya ce a turke.

Asabar, 3 ga Muharram, bayan Azahar

Ashe haka abin yake. Tun da na biya wasan ya zama kamar uwar da ta ga ɗan fari. Ya daina kawo mini ƙattai, sai 'yan bayin Allah masu riga fara da bindigar gado, su fito fili tsirara in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Na wuce awaki, na shiga shanu, ina ta tafiya.

Ɗazu na harbe wani, kafin ya faɗi na ji muryarsa ta lasifika, Bahaushe ne, yana cewa, “Haba, don Allah, yanzu fa na shigo.” Na san hoton da ya cika masa fuska bayan nan, da farashin yau kaɗai. Ni ce yanzu wuƙar da ake tallatawa.

Ban ji daɗin ci ko ɗaya ba. Da ina awaki, in na kashe mutum ɗaya sai na yi wa Uwaisu gori har kwana uku. Yau na kashe goma sha wani abu, ba wanda zan gaya wa.

Litinin, 5 ga Muharram, bayan La'asar

A bakin ƙofar raƙuma wasan ya sake murtuke fuska, ya fito da wata sabuwar bindiga da ta mai da tawa sanda. Ɗan abin da ya rage na akuya ya tafi. Na shiga gidan raƙuma da yamman nan.

Na zaci zan yi murna. Kife wayar kawai na yi.

Laraba, 7 ga Muharram, da hantsi

Raƙuman yankinmu ba su da yawa, sunaye ɗaya ne suke ta juyawa. Ina jira sai ya yi kore in danna shiga a tare da shi. Jiya bayan La'asar muka faɗa fili ɗaya, amma ba ƙungiya ɗaya ba. Ban ma sani ba. Ina laɓe a bayan wata mota sai na ji harbi ta baya, na faɗi, rubutu ya fito: UbangidanRauda ya kashe ki.

Na daɗe ina kallon rubutun. Mutumin ya zo kan gawata ya tsuguna ya kwashe kayana tsaf, ya yi gaba. Sunana yana rubuce a kaina ɓaro-ɓaro, ko dakatawa bai yi ba.

Da Uwaisu ne da ya yi rawa a kaina. Akwai wata rawar banza da ya saya musamman don ni.

Inna ta aiko a tambaye ni. Na ce a ce mata an kusa.

Juma'a, 9 ga Muharram, bayan La'asar

Ina azumin Tasu'a, bakina a bushe, na ce bari in gwada sau ɗaya. Sunaye huɗu suka jeru a gefe, nawa na biyu, nasa na uku.

Na kunna makirfo. Na yi sallama. Shiru, sai ƙarar jirgin da ke kai mu tsibiri. Na sake yi.

“Wa alaikumus salam. A'a, mace ce a ƙungiyarmu yau?”

Ba muryarsa ba ce.

Wannan layin na rubuta shi na ajiye biro, na je na wanke fuska na dawo.

Murya ce mai kauri, ta ɗan birni, Hausarsa da ɗan karin gabas. Ya ce sunansa Kashim, yana sayar da kayan waya a Kano. Ya tambayi daga ina, na ce wajen Tsanyawa. Ya yi dariya ya ce, “Fulani ke nan. Ni Babarbare ne, kin ga ke baiwata ce, ɗauko mini harsashi.” Bawan Allah wasa yake yi irin wanda kakanninmu suka bar mana, bai san inda ya taka ba.

Na ce, “Malam Kashim, sunan nan da kake ɗauke da shi, ni ce Raudar.”

Ya tsaya cak a tsakiyar fili. Ya ce shi sayen asusun wasan ya yi ana jibi Sallah, a wani zauren masu wasa na intanet, wurin wani mai albasa. Shi ya goge abokan ciki ya rufe ƙofofi don masu roƙo sun dame shi. Sunan ma yana so ya canza, katin canjin ne da tsada. Ya ce, “Lafiya dai? In sata ce wallahi ban sani ba.”

Na ce ba sata ba ce. Na gaya masa abin da ban iya rubutawa a nan ba. Da bakina na faɗa, karon farko, ga mutumin da ban taɓa gani ba, ana ta harbi a kewayenmu. Ya yi salati ya yi ta maimaitawa. Sauran biyun da ke ƙungiyar, ban san ko 'yan wace ƙasa ba ne, suna ta yi mana ihu mu motsa.

Na ce, “Bai gaya maka dalilin sayarwar ba?”

Ya ce, “Na tambaye shi, don asusu irin wannan ba a rabuwa da shi haka kawai. Ya ce mini ya gaji da zama a sama. Wai akwai wadda yake so ya yi wasa da ita, wasan ya raba su, ita kuma taurin kai ba zai bar ta ta biya ta hau ba. To shi zai sauka ya buɗe sabo daga ƙasa. Har ya ce ya riga ya aika mata da neman abota, yana jira ta gane shi.” Sannan ya ce, “Ba ki gani ba?”

A nan aka kashe mu duka biyun, layin ya yanke.

Ƙofar neman abota rabona da buɗe ta tun bara. Mace in ta yi magana a wasan nan sau ɗaya, maza sai su yi ta tururuwa kamar ƙuda a kan mangwaro, shi ya sa na daina dubawa. Uwaisu ya sani. Shi ya sa ya zo har gida ya gaya mini.

An kira Magariba. Umma ta cika kwanuka, tuwo da miyar taushe da naman nan, wai yau kowa sai ya ƙoshi. Na sha ruwa.

Asabar, 10 ga Muharram, da hantsi

Na ɗauki tsintsiya na tafi gidan Kawu. A hanya yara suna bin abokan wasansu suna a ba mu kuɗin shara, ana ta guje-guje da dariya.

Ban ja sau ɗaya na miƙa hannu ba yau. Na share ƙofar ɗakinsa, na share tsakar gida har bakin rijiya, na share zaure, na ɗaga takalman na share ƙarƙashinsu na mayar. Inna Tahira tana zaune a bakin ɗakinta tana kallona, ba ta hana ni ba.

Da na gama ta ce, “Kin same shi?”

Na durƙusa a gabanta. Na ce, “Inna, na sami mai fitilar. Wani bawan Allah ne a Kano. Uwaisu ya sayar masa da wurin tun kafin Sallah.”

Ta ce, “Kin ji muryarsa da kunnenki?”

“Na ji, Inna.”

“Ba shi ba ne.”

“Ba shi ba ne.”

Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta kira Kawu daga turken shanu, ta ce masa ya gaya wa malamai gobe. Sannan ta kwance bakin zaninta ta ciro 'yar takardar kuɗi da ta nannaɗe, ta kama hannuna ta saka, ta rufe da nata.

Na ce, “Inna, ba ke za ki biya ba.”

Ta ce, “Sharar ta fita, Raudatu. Karɓi.”

Shi bai taɓa cewa ta fita ba. A nan ne muka yi kukan, ni da ita, Kawu ya juya ya koma wajen shanunsa.

Asabar, 10 ga Muharram, bayan La'asar

Na buɗe ƙofar. Sunaye rututu, na yi ta ja ina wucewa, su Sarkin wane da Dodon wane. Can ƙasa na same shi. Riga fara, bindigar gado, gidan kaji, ko wasa ɗaya bai buga ba. Sunan da ya sa wa kansa BawanRauda.

Shekara ashirin da wani abu ina faɗa masa ni ba baiwar kowa ba ce, bai taɓa sakar mini ba ko da wasa. Ashe ya ajiye amsar a ƙofata ya tafi.

Na danna karɓa. Wasan ya watso furanni a fuskar waya, wai mun zama abokai, ko za mu shiga fili tare? Ɗigonsa toka ne, na sani, ina gani. Duk da haka na danna.

Ya ce ba zai yiwu ba. Tazararmu ta yi yawa, ni ina raƙuma shi yana kaji.

Kashim ya buɗe ƙofarsa ya aiko da ta'aziyya, ya ce gobe zai sayi katin ya sauke sunan, in na yarda. Na ce na yarda, Allah ya saka masa.

Lahadi, 11 ga Muharram, bayan Azahar

An yi addu'ar da safe, an raba waina. Kawu ya ba wa wani mabuƙaci takalman.

Na tuɓe sulken na ajiye bindigar. Ni kaɗai nake shiga yanzu, ba ƙungiya, don kada in ja wa kowa. In sauka a tsibiri in tsaya a fili har wani ya zo. Sama'ilu ya ce a haka zan yi wata biyu kafin in kai kaji, kuma me zan yi a can? Na ce masa ya saka mini cajin kawai.

Saukowa dai ba su sa mata farashi ba.